Anti Ta Ce

Tun kafin in sa matar nan a ido na tsane ta. Sunanta ne ya riga ta shigowa gidana, kuma ta kicin ya shigo, inda ni da Auta muke hirarmu.

Auta ita kaɗai ce mace a cikin 'ya'yana, yayyenta maza duk sun kama gabansu. Allah ya yi ta da surutu. In ta dawo daga makaranta, ko takalmi ba ta cirewa za ta ɗare kan buhun shinkafa ta fara zuba: malamin da ya yi faɗa, wadda ta yi barci a aji, wa ya ɓata da wa. Ni kuwa ina yanka albasa ina cewa "uhm, uhm," rabi ina ji rabi ba na ji, don ni ungozoma ce, nakan dawo daga asibiti ƙafafuna kamar ba nawa ba. Amma ko ina ji ko ba na ji, surutun nan nawa ne, ni ake kawo wa.

Da ta shiga ajin ƙarshe, makarantarsu ta ɗauko malamar ba da shawara. Aikinta ke nan, ta zauna da ɗalibai ɗaya bayan ɗaya, ta ji abin da kowa yake so ya zama, ta nuna masa karatun da zai kai shi can. Yara suka laƙaba mata Anti Shawara. Daga nan kunnena bai ƙara hutawa ba.

"Umma, Anti ta ce mutum ya lura da aikin da yake yi har ya manta da yunwa."

"Umma, Anti ta ce ba duk mai ƙoƙari a lissafi ne zai ji daɗin zama injiniya ba."

"Umma, Anti ta ce mu riƙa shan ruwa sosai lokacin karatu."

Shan ruwa! Tun yarinyar nan tana firamare nake bin ta da kofi tana gudu. Ni ma'aikaciyar lafiya na faɗa bai shiga ba, sai da wata mai zama a ofis ta faɗa, ga Auta nan da gorar ruwa har cikin bayi.

Da abin ya tsaya nan da na haƙura. Amma sai hirar ta fara raguwa. Ta koma dawowa a makare, wai ta tsaya wurin Anti. In na ce me ya faru yau, sai ta ce ba komai. To ina komai ɗin zai fito, tunda an riga an juye shi a wani ɗaki? Ragowar ake kawo min.

Na kai ƙara wurin Abbansu. Shi gyaran keken ɗinki yake yi, kuma yadda yake bin zare a hankali haka yake bin magana, har ya ba mutum haushi. Ya ɗago ya dube ni ta saman tabarau.

"Sista, kishi kike yi."

"Kishin me? Malamar makaranta?"

"Ni dai na faɗa. Ni ma ba ki taɓa yi min irin wannan ba, har na fara jin haushi."

Na yi tsaki na bar masa wurin. Gaskiya ya faɗa, shi ya sa ma na yi tsakin.

Abu ɗaya ne ya kwantar min da hankali, na san inda Auta za ta. Likita za ta zama, kowa a gidan ya san haka, ban taɓa ɓoyewa ba. Na yi shekaru a ɗakin haihuwa ina kallon yara sa'o'in ɗana na fari suna shigowa da farar riga, ko riƙe jariri ba su iya ba, ni zan nuna musu, amma in an jima su ne za su ɗaga min murya a gaban mai naƙuda. Na rantse 'yata ba za ta tsaya inda nake tsaye ba. Ita za ta faɗa a yi. Kuma kanta yana ja, ba wai ina tura jaki hawan bene ba ne.

Sai aka zo makon da makaranta ke tura 'yan ajin ƙarshe wuraren aiki, kowa ya bi wani ma'aikaci ya ga yadda sana'ar take da idonsa. Wannan ma dabarar Anti ce. Auta ta ce asibiti aka tura ta. Na ce wanne, ta ce sai ranar za a raba su. Na ji daɗi har na yafe wa Anti rabin laifinta. Na ɗauko wata tsohuwar farar rigata, na rage mata hannu, na goge ta da kaina.

Ranar farko ina ɗakin haihuwa tun safe. Abin awon jininmu ya ƙi aiki, na taka zuwa ɗakin awon ciki in aro nasu. Mata sun cika benci kamar kullum, kowa da katinta a hannu, wata na fifita da nata, wata na lallashin yaro, ga sikeli a bakin ƙofa ana hawa ana sauka. Mai kula da ɗakin ranar ita ce Sabuwa. Ni na yaye ta a aikin nan. Da ta zo, safar hannu ma sai ta yaga biyu kafin ta sa ɗaya. Yanzu ta yi aure ta hayayyafa, an ɗauki wasu da yawa a bayanta, amma har yau Sabuwa muke kiranta.

Na ɗaga labulen gadon awo, sai na ga farar rigar da na goge.

Auta ce, ta ba ni baya. Wata mai tsohon ciki na kwance, Sabuwa na tambayarta ko ta yarda ɗaliba ta saurara, matar ta ce ba komai. Sabuwa ta ɗauko ɗan ƙahon nan na ƙarfe da muke karawa a cikin mace mu sa kunne mu ji bugun zuciyar jariri. Ta murza shi a tafin hannu ya yi ɗumi, ta lalubo bayan jaririn, ta ɗora, ta kamo kan 'yata ta kwantar da kunnenta a kai.

"Saki hannunki, kar ki riƙe shi. Yi shiru. Kin ji?"

Auta ta yi tsit. Can sai na ga kafaɗunta sun motsa.

"Na ji! Wayyo, Sista, na ji! Amma sauri yake yi."

"Haka yake. Zuciyarsa ƙarama ce, tafiyar da ke gabansa kuma da nisa."

Maganata ce wannan. Ni na gaya wa Sabuwa haka ranar da ta fara ji, a kan gadon nan, da ƙahon nan. Murza shi a tafin hannu ma ni na koya mata. Ga shi an ɗauki kayana an miƙa wa 'yata, kuma ba da hannuna ba. Mutum sau ɗaya yake fara jin bugun nan a rayuwarsa, ba a maimaitawa. Ina tsaye riƙe da labule, na rasa ta wa zan fara, Sabuwa ko Anti.

Auta ta ɗago, fuskarta kamar an kunna fitila, sai ta gan ni.

"Umma."

"Ina likitan da aka haɗa ki da shi?"

Ta sunkuyar da kai. Sabuwa, da ba ta san dawan garin ba, ta washe baki.

"Sista Babba, ai ni aka ba ita. Wurin ungozomomi ta zaɓa. Au, ba ki sani ba?"

Labulen a ɗage yake, matan benci duk sun zuba mana ido.

"Na sani mana," na ce. Na ɗauki abin awon jini na fita.

Da yamma na riga ta isa gida, na zauna a falo ko kayan aiki ban cire ba. Tana shigowa na ce ta tsaya nan. Abbansu yana gefe ya baje wani keke a kan jarida.

"Wa ya ba ki izinin zuwa ɗakin awo?"

"Ni na sa mata hannu," in ji Abbansu, ko ɗagowa bai yi ba.

"Kai ma ka sani?"

"Ta ce in bari ita za ta gaya miki."

"To ga ni. Tun yaushe kike son aikin nan?"

"Da daɗewa, Umma. Na gaya wa Anti tun farkon shekara."

"Kin gaya wa Anti. Ni kuma hoto ce a gidan? Kullum muna tare a kicin, bakinki ciwo yake yi?"

"Umma, ke ce kullum kike cewa ko maƙiyinki ba kya so ya yi aikin nan."

"Wannan ai gajiya ce! Wa ya ce ki riƙe maganar mai gajiya?"

"Kin ce in na yi shi ba da yawunki ba. Shi ne Anti ta ce…"

"Kar in ƙara jin Anti ta ce a gidan nan."

Hawaye suka fara zubo mata. Abbansu ya buɗe baki, na harare shi, ya mai da hankali kan kekensa.

Washegari na nemi izini a wurin aiki na nufi makarantar. A hanya na gama zana matar a raina: doguwa, mai ƙwalisa, turare na tashi, irin masu magana ta hanci da ke ruɗa yara. Mai gadi ya nuna min wani ɗaki a ƙarshen baranda, kusa da ɗakin karatu. Na ƙwanƙwasa, wata 'yar siririya ta buɗe, ba za ta wuce sa'ar ƙanwata ba, tabaranta an ɗaure ƙafarsa ɗaya da zare, takalminta ya cinye ta gefe. Na leƙa bayanta ina neman Antin. Ashe ita ce. Wannan ma ya ƙara min haushi, don da kyakkyawa ce da na san abin da ya ja Auta.

Ɗakin da gani tsohon sito ne. An tura tebur ya jingina da bango, ba a zama a bayansa. Kujeru biyu ne a tsakiya, ba su fuskanci juna ba, an ɗan karkata su kamar na mutum biyu da ke kallon titi. Ga kwalin tishu a kan ɗan tebur. A bango an lilliƙa hotunan ma'aikata da aka yanko daga jaridu, mai walda, matuƙiyar jirgi, mai gasa burodi, alƙali.

Na faɗi ko ni wace ce. Ta gaishe ni da ladabi, ta ce in zauna. Na zauna na fara.

Na ce mata ta hure wa 'yata kunne. Na ce yarinyar da za ta iya zama likita an mai da ita mai ɗaukar kati. Na ce ita ba ta san komai a kan aikin nan ba, hotonsa kawai ta gani a jarida. Ina jira ta kare kanta in samu inda zan kama, ba ta ce uffan ba. Kallona kawai take yi, tana ɗan gyaɗa kai. In na tsaya sai ta yi shiru, shirun ya yi tsawo, ya dame ni, in ci gaba. Sau ɗaya ta sa baki.

"Me ya fi yi miki ciwo a aikin, Mama?"

Ban san lokacin da na fara ba ta labarin wani ƙaramin likita ba, wanda ya daka min tsawa a gaban mai naƙuda, ya ce in matsa in ba masu ilimi wuri, bayan ni na gano jaririn a gicciye yake. Labarin nan ko Abbansu ban taɓa ba shi ba. Sai na ga hannuna ya miƙa wajen kwalin tishun.

Na janye hannun kamar na taɓa murhu. To haka take yi ke nan. Haka take zaunar da 'yata a kujerar nan ta yi mata shiru har ta zazzage cikinta. Ni da na zo faɗa, ga shi ta kusa sa ni kuka, ina ga yarinya?

"Ba wannan ya kawo ni ba," na ce. "Me 'yata ta gaya miki a kaina?"

"Mama, abin da aka faɗa a ɗakin nan ba ya fita, sai in na ga yaro yana cikin haɗari. Wanda kika faɗa yanzu ma ba zai fita ba."

"Ni na haife ta."

"Na sani. Ita za ki tambaya."

"Kuma me ya sa aka kai ta asibitinmu aka ba wata, ina nan da raina?"

"Ƙa'idata ce, ba na haɗa ɗalibi da iyayensa a makon aiki. Yaro ba ya iya tambayar mahaifiyarsa abin da zai tambayi bare. Amma ya kamata in kira ki kafin ranar. Nan na yi kuskure, ki yi haƙuri."

Haƙurin ma haushi ya ba ni. Daga ɗakinta ofishin shugabar makaranta na wuce. Na ce a cire 'yata daga cikin masu ganin malamar shawara, a kuma soke zuwanta ɗakin awo. Shugabar ta yi ta lallashi, ta ce in je in yi tunani. Na ce a tsaye nake tunanina. Ta ce to, haƙƙina ne, uwa ce ni. Na fito ina jin kaina kamar wadda ta ƙwato kayanta daga hannun ɓarawo.

Ragowar makon na haɗa Auta da wani babban likita da muke mutunci. Ta bi shi zagayen marasa lafiya, ta riƙe masa fayil. Ya ce min yarinyar tana da natsuwa. Sunan Anti ya ɓace daga gidana ɗif. Auta ta koma dawowa da wuri.

Sai dai ba ta ƙara hawa buhun shinkafa ba. Takan cire takalmi a bakin ƙofa, ta gaishe ni, ta karɓi wuƙa ta yanka albasar da kanta, ta wanke kwanuka, ta shige ɗaki. Ba ta kumbura ba, ba ta yi min rashin kunya ba, da ta yi ma da na samu abin faɗa. Duk abin da na ce, "To, Umma." Yaya makaranta? Lafiya lau. Me aka yi? Karatu. Na zaci in na toshe waccan ƙofar maganar za ta dawo wurina, kamar yadda ruwa ke komawa ɗaya famfon in an rufe ɗaya. Ba ta dawo ba. Makonni suka wuce a haka.

Wata Asabar da rana na ce to, abin da waccan matar ta iya, ni ma na iya, ba tsafi ba ne. Na ja kujeru biyu tsakiyar falo na karkata su, har da ɗauko tishu na ajiye. Abbansu ya leƙo, ya dubi kujerun, ya dube ni, ya koma da sauri, ina jin sa yana dariya a tsakar gida yana fakewa da tari. Na kira Auta.

"Zauna. Yau ke za ki yi magana, ni saurare kawai zan yi. Faɗi duk abin da ke ranki, ba zan katse ki ba."

Ta zauna a bakin kujera, hannu a cinya. Na yi shiru. Wallahi ban taɓa sanin shiru aiki ne ba sai ranar. Fanka na juyawa, harshena na ƙaiƙayi. Na gyaɗa kai yadda na ga ana yi, alhali ba ta ce komai ba tukuna. Can dai ta ja numfashi.

"Umma, ni dai abin da nake gani…"

"Na san abin da za ki ce. Za ki ce kina son taimakon mata. To likita ba ya taimakon mata? Ke ba ki san tsayuwar da ake yi ba, dubi jijiyoyin ƙafata…"

Ban dawo hayyacina ba sai da na ji an kira la'asar. Ni kaɗai na yi maganar, tishun ma ni na goge gumi da shi.

"Kin gane?" na ce.

"To, Umma."

Ta mai da kujerun inda suke ta fita.

A wurin aiki na daɗe ina gaisawa da Sabuwa sama-sama. Rannan ta same ni ni kaɗai a ɗakin hutu ina shan shayi, ta zauna ba tare da na ce ta zauna ba.

"Sista Babba, in na yi laifi ki yafe min. Amma akwai abin da ya kamata ki sani. Wani asibitin aka so kai yarinyar nan, ita ta roƙa a kawo ta nan. Ta ce min bakinta ya kasa gaya miki, gara ki gan ta da idonki."

Na ci gaba da juya cokali.

"Ta ce tana ƙarama kin taɓa zuwa da ita aiki, ranar da ba mai riƙe ta a gida. Ta ga wata mata ta kama hannunki ta ƙi saki, wai in ba ke ba, ba mai taɓa ta. Ta ce tun ranar. Ta ce ko faɗan aiki kike yi a gida, ba ta so ki gama, don a ciki take jin labarin."

Wata uwar da ta ji haka kuka za ta yi don daɗi. Ni ma na ji daɗin, ba zan ɓoye ba, amma ko haɗiye shi ban yi ba kishi ya taso ya danne shi. Anti ta sani. Abbanta ya sani. Sabuwa, da ta yi yini ɗaya da ita, ta sani. Magana a kaina ce, yabona ne, amma sai da ta zaga gari kafin ta iso kunnena, kuma a bakin wata.

"Shayinki zai huce," na ce wa Sabuwa, alhali ba ta da shayi.

Ba a jima ba lokacin rajistar jarrabawar shiga jami'a ya zo. Ina tsintar shinkafa Auta ta tsaya a ƙofar kicin.

"Umma, an ce kowa ya kai abin da zai karanta kafin ƙarshen mako. Me zan rubuta?"

"Me kike so?"

"Duk abin da kika ce."

"Ke nake tambaya."

"Duk abin da kika ce, Umma."

Ba gatse take yi ba. Na dubi idonta da kyau, ba fushi, ba roƙo, jira kawai take yi in faɗa ta rubuta. Kalma ɗaya ce, na yi shekaru ina tanadinta, ga ta a kan harshena. Na san in na faɗa za ta rubuta, za ta ci, za ta yi karatun, wata rana ta sa farar rigar. Na kuma san haka za ta riƙa tsayawa a ƙofar kicin ɗina tana ce min to, har in mutu. Tsoro ya kama ni irin wanda ban taɓa ji ba ko a ɗakin haihuwa.

"Gobe tare za mu tafi makarantar," na ce.

Da safe na fara biyawa ta ofishin shugaba na janye maganata. Ba ta yi min gori ba, Allah ya saka mata. Daga nan muka bi barandar, ni a gaba, Auta a baya rungume da jaka. Na ƙwanƙwasa. Anti ta buɗe, ta dube ni, ta dubi Auta, ita ma Auta ta ɗago ta dube ta. Na ga kallon da suka yi wa juna, kuma ya soke ni.

"Na kawo ta," na ce. "Na biya wurin shugaba."

"Mama, kin yarda ke nan?"

"Ban ce na yarda ba. Na ce na kawo ta. Abin da ta zaɓa ni zan sa hannu, ba Abbanta ba."

Ta yi ɗan murmushi, ta matsa gefe. Auta ta shiga. Anti ta jawo wata kujera ta uku daga bayan ƙofa, ta riƙe ta, ta juya wajen 'yata.

"Kina so Mama ta zauna da mu?"

Ni har na sa ƙafa ɗaya a ciki. A raina na gama shirya yadda zan yi, zan kame bakina, ko zan cije harshe ya yi jini ba zan ce komai ba, in dai zan ji da kunnena. Auta ta dubi kujerar, ta dubi yatsun ƙafarta.

"Umma, ki yi haƙuri," ta ce a hankali. "Ni kaɗai."

Na janye ƙafata. Ta miƙo min jakarta in riƙe mata, na karɓa. Anti ta mai da kujerar bayan ƙofa, ta ce min akwai benci a nan waje, sannan ta rufe.

Na zauna. Ɗalibai na wucewa suna gaishe ni, ina amsawa. Da farko ba abin da ke fitowa daga ɗakin, har na fara fatan ko ita ma "to" za a yi mata. Sai na ji muryar Auta ta fara, ƙasa-ƙasa, ta tsaya, ta sake farawa. Can ta ɓalle, tana hawa tana sauka, ko numfashi ba ta tsayawa ja, wani wurin kamar kuka, wani wurin kamar dariya. Kalma ɗaya ban iya kamawa ba ta cikin katakon nan. Kishi ya cika min ƙirji har idona ya kawo ruwa. Na ɗora jakar a cinyata, na riƙe ta da hannu biyu, na zauna ina jira su gama.